Hannun da Ya Ɗaura

Bukan Sidi, Lafiya.
Watan Muharram, tsakiyar damina.

Zuwa ga ƙanwata Yagana, a Gashuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki. Yaya ƙarfin jiki? Yaya kunnen? Mu nan sai godiya. Ruwa yana sauka, doya ta yi ganye har ta rufe ƙasa.

Tun shekarar da aka sauya hannun tuƙi, wadda motoci suka yi ta karo har zaurenmu ya cika da masu karaya, Baba ya koma shimfiɗa wa wasu tabarma a gindin mangwaro, a cikinta kuma aka kai ki Gashuwa, ban taɓa aika miki da takarda ba. Ba ni da boko, kin sani, kuma ban yi nadama ba. Amma yanzu in na kira ki a waya, ni ina gabas ke kina amsa mini daga yamma saboda kunnen nan naki, maganar da ke cikina kuwa ba ta ihu ba ce. Shi ya sa na zaunar da maƙwabcina Ticha Ortese, ɗan ƙabilar Tibi, tsohon malamin firamare, wanda muke shan iska tare a ƙofar gida shekara da shekaru. Ni ke faɗa shi ke rubutawa, in ya gama ya karanta mini. In kin ji Hausar ta karkace a wani wuri, a hannunsa ta karye, ba a bakina ba.

Maganar gadon gidanmu ce. Ɗori ya zo hannuna daga Baba Ashemi, shi daga mahaifinsa, shi kuma daga waɗanda suka taso daga Barno. Ga shi na tsufa, ban ga wanda zan miƙa wa ba. Abdulnasir, ɗana ɗaya namiji, tun yana yaro in ya ji ƙashi ya yi ƙara sai ya fita bayan gida ya yi amai. Yanzu yana can sakateriya yana buga wa takardu hatimi. Allah ya yi masa albarka, amma hannunsa na biro ne. Tandun man kaɗanya da muke shafa wa masu karaya, wanda ake kira tandun Nana, yana nan rataye inda kika san shi. Duk sanda na ɗaga kai muka haɗa ido, sai in ji kamar tambayata yake yi.

Wadda Allah ya ba hannun kuwa mace ce. Hanifa, 'yar Abdulnasir, wadda ta dawo wurina bayan rasuwar kakarta don kada tsoho ya kwana da yunwa. Kin tuna al'adar gidanmu: duk wanda aka kawo da karaya, danginsa su zo da kaza, a karya ƙafarta a ɗora tare da tasa. Yadda ta kasance ga kaza, haka za ta kasance ga mutum, ranar da ta taka shi ma ya kusa tashi. Yarinyar nan tun tana 'yar mitsitsiya kuka take yi in an karya, sai na ce mata to ke ki riƙa ɗaurewa. Daga nan kaji suka zama nata. Da ta girma ta koma riƙe mini ƙafar mutane, ni in mayar da ƙashi in jera kara, ita ta ja igiya ta ƙulle. Ba ta taɓa tambayata ina karayar take ba, yatsunta ke zuwa da kansu. Amma ba a ba mace ɗori a gidanmu, domin mace ta wani gida ce.

To, wannan yarinya ita ce ta shiga kwalejin koyon jinya da aikin lafiya da ke nan garin, tana shekara ta biyu. Na zaci nas za ta zama, mai allura. Ashe makarantar kamar kasuwa take, kowa da rumfarsa. Wasu awon jini suke koya, wasu haɗa magani, wasu haƙori, wasu aikin duba-gari. Ita duk cikin waɗannan ba ta ga abin zaɓa ba sai ɗaukar hoton ƙashi. Yagana, ki ji fa! Jikar maɗori za ta je ta tambayi inji inda ƙashi ya karye. Ranar da ta gaya mini na ce, "Amarya, ashe kin raina angonki har kin samo na ƙarfe?" Ta ce, "Baba Tsoho, ai shi ba ya gardama." Na yi fushi na ƙi cin tuwonta, har yunwa ta zo ta yi mana sulhu.

Amma ki bar wannan tsakaninmu. In ta fito da safe cikin fararen kayanta, nakan ɗauki buta in fito ƙofar gida kamar mai shirin alwala, alhali rana ta riga ta fito. So nake in ga yadda masu keke-napep ke rige-rigen tsaya mata. Matan unguwa sun fara ce mata Likita, ita tana cewa ba likita ba ce, ni kuwa ba na gyara musu. Da la'asar takan baje littattafanta a zaure tana haddar sunayen ƙasusuwa da wani yare da ko Ticha bai san shi ba. Wai kowane ƙashi da sunansa, har na cikin kunne, ko dai in sa ta duba naki. Ta ce a ajinsu akwai ƙwarangwal na roba a tsaye, a kwance shi a mayar. Na ce ƙashin da bai taɓa jin zafi ba, me zai koya wa mutum?

Rannan na rufe mata ido da rawanina, na miƙa mata hannuna na hagu, wanda na karya a kan mangwaro ina yaro, Baba ya ɗora. Ta shafa sau ɗaya ta aza yatsa daidai wurin. Sai ta ce wai in zo wata rana ta ɗauki hotonsa mu ga aikin Baba Ashemi. Na ce aikin Baba ba ya bukatar shaida.

Lafiyata lau. Hannuna ma ƙara ƙarfi ya yi, yanzu ina sauke tukunyar shayi daga wuta ba tsumma, ko a jikina. Hanifa ta gani ta ɓata fuska, wai in je a auna jinina ko akwai sukari. Na ce jinin da ya kawo ni waɗannan shekaru ba zan ba yara su yi wasa da shi ba.

Wata mai kamawa za a tura su asibiti koyon aiki, daga safe har la'asar. Zaure zai koma ni kaɗai. Ki taya ni roƙon Allah ya kawo namijin da zai karɓi tandun nan kafin a zo ɗaukata.

Ki gaida duk wanda ya san ni da wanda ya ji labarina. Allah ya bar zumunci.

Ni ne yayanki,
Mala Maɗori.


Bukan Sidi, Lafiya.
Watan Maulidi, lokacin sabuwar doya.

Zuwa ga ƙanwata Yagana.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ina fata kuna lafiya. Amsarki ta iso, Ticha ya karanta mini. Kin ce in rage taurin kai. Nono ɗaya muka sha, in akwai shi a wurina, ki duba naki.

Ba da daɗin rai nake aiko miki da wannan ba. An yi mini abin da ba a taɓa yi wa maɗori ba a gidan nan, kuma jinina ne ya yi mini.

Ticha yana da ɗa, Tersugh, manomin doya ne a Ashige. Ranar Juma'a da hantsi yana lodi ya zamo daga saman mota, ƙafarsa ta karye a ƙwauri. Suka wuce duk asibitocin da ke hanya suka kawo shi zaurena, domin ni na ɗora wa ubansa kafaɗa, har yau kuwa da ita yake rubuta miki wannan. Matarsa Dooshima ta biyo baya da jar kaza a hammata. Na shafa mai, na yi masa dabarar Baba, wato na tambaye shi sunan garin mahaifiyarsa, yana buɗe baki zai amsa na ja. Ƙashi ya koma gidansa, na ji shigarsa da kunnena. Na jera kara na ɗaure da kaina. Kazar ma da kaina na ɗaure ta, tunda Hanifa tana wurin koyon aikinta.

Yaron ya yi ta nishi yana cewa, "Baba, ƙafa yana cin wuta." Na ce wane ne ya taɓa karya ƙashi ya ji sanyi? Na bar shi da matarsa na tafi masallaci.

Na dawo na tarar da tabarma babu kowa, sai igiyata a ƙasa, an yanka ta da almakashi.

Yagana, ke shaida ce. Dokar gidanmu ɗaya ce tak: hannun da ya ɗaura shi ke kwancewa. Kin tuna mutumin da ya daɗe yana koyon aiki wurin Baba, wanda ya sassauta wa wani ɗauri don tausayi? Ko ruwan gidanmu bai sake sha ba. To, Hanifa ta dawo da wuri saboda Juma'a, ta duba ƙafar, ta ɗauko almakashi daga jakarta, a gaban matan unguwa da suka zo sannu ta yanke ɗaurina. Karan dai ba ta taɓa su ba, ta naɗe su da mayafinta sako-sako. Ta tura aka kira keke, ta sa ƙafar a cinyarta, suka yi asibiti. Ko a aiko masallaci a ce mini ga abin da ake ciki.

Da ta dawo gab da magariba ta durƙusa a bakin zaure. Ta ce, "Baba Tsoho, yatsunsa sun yi sanyi. Na danna farce, jini bai dawo ba. A makaranta an ce mana in aka ga haka ba a jiran kowa."

Na ce, "Ni ne kowa?"

Ta ce, "Da na jira ka, da ƙafar ta mutu."

Na ce ta kwashe littattafanta daga zaurena ta koma gidan ubanta, tunda ta sami waɗanda suka fi ni. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta shiga ta tuƙa tuwo, ta rufe mini shi, sannan ta tafi. Tun daga ranar kullum da safe sai ta biyo ta nan kafin ta wuce aiki, ta tsaya daga waje ta ce, "Baba Tsoho, ina kwana." Ni kuwa sai in juya wa ƙofa baya. Abdulnasir ya zo ba da haƙuri da manyan kalmomi irin na ofis, na ce ya je ya buga musu hatimi.

Maganar ta zaga unguwa. A wurin mai shayi an ce jikar Mala ta kwance wa kakanta zane a kasuwa. Wani ɗan acaɓa da ya goce a gwiwar hannu, a ƙofata aka wuce da shi zuwa wani wuri, ina zaune ina kallo. Sunan da Baba ya bar mini ke nan, wanda ban taɓa bari ya taɓa ƙasa ba.

Ticha ya ce likitoci sun ce saura kaɗan da sai an yanke ƙafar. Na ce wane likita ne bai taɓa cewa saura kaɗan ba? Da wannan suke cin abinci. A nan ya ajiye biro ya ce, "Mala, wannan yarinya ya ceci ɗana. Ni ba zan rubuta ya yi laifi ba." Na ce takardar tawa ce ko taka? Daga baya ya ce zai rubuta, amma sai an sa tasa maganar a ciki. Ga ta nan kin ji, ba za a ce na danne shi ba.

Ba na bukatar gardama da kowa, ina da shaida. Jar kazar tana nan a gindin turmi da ɗaurinta, ita ba wanda ya sa mata almakashi. Hannu ɗaya ya ɗaure su, rana ɗaya. Ranar da ta taka zan sa ta a hammata in kai ta har asibitin, in ajiye ta a gaban likitocin da malaman Hanifa, ta yi musu tafiya su gani.

Zauren ya yi girma da yawa, ban san haka yake ba. Tuwon matar maƙwabta kuma gishiri ya yi masa yawa. Amma wannan ba wani abu ba ne.

Ki gaida mutanen gida. Allah ya kare mu da ganin abin kunya a ƙarshen kwana.

Yayanki,
Mala.


Bukan Sidi, Lafiya.
Ƙarshen watan Maulidi.

Zuwa ga ƙanwata, 'yar uwata, Yagana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miki gaisuwa irin wadda ta dace, ina tambayar lafiyarki da ta yara da ta jikoki har waɗanda ban san sunansu ba. Ki sa mai karanta miki ya matso kusa da kunnen da ya fi ji, kada ki rasa ko kalma ɗaya.

Kazar ba ta taka ba.

Na ga ta daina tsattsagar dawa, na ce zafin ciwo ne. Da lokacin kwance ɗauri ya yi, na kira Ticha ya zama shaida, na warware igiyar da hannuna kamar yadda doka ta ce. Yagana, ƙafar ta yi baƙi ƙirin, ta bushe kamar tsinken tsire. Ina taɓa ta ta rabu da jikin. Ticha ya kawar da kai. Ya tashi ya shiga gidansa, na kuwa gode masa da wannan.

Yadda ta kasance ga kaza, haka za ta kasance ga mutum. Ba ni na ƙago wannan magana ba, daga bakin Baba na ji ta, ban kuma taɓa ganin ta yi ƙarya ba. Na zauna ina kallon wannan 'yar busasshiyar ƙafa a tafin hannuna, ina ganin ƙafar Tersugh, mai mata da 'ya'ya da gonar doya.

Da na sami kaina sai na ɗauko karan dawa ɗanye na ɗaure shi da igiya, na tsaya a inda hannuna ya ce mini ya yi daidai. Na duba, karan ya fashe. Na zaro tsinken tsintsiya, na rufe ido, na bi kan yatsuna ɗaya bayan ɗaya ina tsira. Kamar ina tsira wa bango. Ashe tukunyar shayin da nake taƙama da ita ba ƙarfi ba ne, yatsun ne suka makance ban sani ba. Ashe shekarun nan na baya da nake bugun ƙirji cewa ba a taɓa yanke ƙafar da ta fita daga zaurena ba, ƙullin yarinyar nan ne yake rufa mini asiri. Ita ta sani. Ko sau ɗaya ba ta faɗa a gaban mutane ba, sai dai ta ce in je a auna jini.

Amma ki rubuta wannan a zuciyarki: ba likita ne ya kayar da ni ba, ba kuma inji ba. Kazata ce, a tsakar gidana, bisa dokar ubana.

Jiya na sa hula na tafi asibiti duba Tersugh, tunda gaida marar lafiya wajibi ne, ba wanda zai ce wani abu ya kai ni. Na same shi a zaune da farin filasta har gwiwa, yatsu a waje. Yana ganina ya motsa su yana dariya, ya ce, "Baba, ƙafa yana nan, ba su yanke ba." Dooshima ta zaro wata baƙar leda mai faɗi daga ambulan ta ɗaga ta saitin taga, ta ce hoton da aka ɗauka ranar da aka kawo shi ke nan, kafin likita ya taɓa komai.

Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Tun kafin a haifi Abdulnasir nake hira da ƙashi a cikin duhu, jiya na ga fuskarsa. Ga shi fari tas, dogo da siriri a jere, ga layin karayar kamar zare. Bakin nan biyu kuwa sun haɗu, baki da baki, ko tsinke ba zai shiga ba. Dooshima ta ce likita bai sake jan ƙafar ba, yadda ta zo haka ya naɗe ta. Ɗorin nawa ne, Yagana. Ƙafar kuma tata ce. Na daɗe riƙe da ledar nan har Tersugh ya ce ko in tafi da ita gida.

Da zan fita na bi ta wani dogon lungu, wai ɓata na yi. Sai ga ni a ƙofar ɗakin hoto. An shigo da wata tsohuwa 'yar ƙabilar Eggon, wuyan hannunta ya karye, tana ihu ba ta yarda kowa ya matso. Na hango Hanifa ta ƙofa, cikin fararen kaya. Ta durƙusa daidai tsayin tsohuwar, ta zura tafinta ƙarƙashin hannun kamar mai ɗaukar ƙwai, ta ce, "Mama, wane gari ne garin mamanki?" Tsohuwa na buɗe baki, hannu ya riga ya kwanta a kan tebur. Ko ƙara ba ta yi ba, sai labarin garinsu take bayarwa. Sannan aka rufe ƙofa, aka kunna jar fitila, aka ce kowa ya ja baya.

Wata mace mai gilashi ta same ni a nan, ta ce ita ce Madam Rosaline, mai kula da ɗaliban. Da ta ji sunana sai ta ce, "Baba, ashe kai ne! Inji muna koya wa kowa, lissafin haske muna koya wa kowa. Amma hannu ba mu da ajinsa. Na tambaye ta ina ta samo, ta ce a zauren kakanta." Ta ce a cikin 'yan ajinsu ita ce ba a sa ta maimaita hoto, kuma in an kawo yaro ko tsoho ita ake kira. Na ce to, haka ne, jini ba ya ɓuya. Na faɗe shi a hankali kamar ba komai ba, amma hular kaina sai da na gyara mata zama.

Hanifa ta fito ta gan ni. A gaban malamarta da 'yan uwanta ɗalibai da duk masu jiran layi, ta durƙusa har ƙasa da fararen kayan nan, ta ce, "Baba Tsoho, ina wuni." Na buɗe baki, magana ta cika shi, amma abin da ya fito shi ne, "Lafiya." Na juya na yi waje kamar ana kirana. Na san kina dariya. Ki yi.

Yanzu ga abin da ya sa na ce a matso kusa da kunnenki. Ke kin taɓa tambaya me ya sa ake ce wa tandun nan tandun Nana? Ni Baba ya gaya mini, shekarar da ya fara barina in ja ƙafar mai karaya. Nana Hadiza kakarsa ce. Ita ta taso daga Barno da tandun nan a ɗaure a ƙugunta. Mijinta falke ne, bai san wani ƙashi ba sai na miya. Ita ta ɗora wa mutanen ayari a hanya, ita ta buɗe zauren nan, ita ta koya wa ɗanta. Sunan sana'a ya bi maza, tandu ya riƙe nata. Babu wanda ya rage a duniya da ya san wannan sai ni, yanzu kuma sai ke, sai Ticha da ba yadda zan yi da shi.

Kin gani ke nan ba ra'ayi na sauya ba, kada wani ya ce Mala ya sauya ra'ayi. Ajiya aka ba mazan gidan nan, mai kaya kuma ta dawo. Dokar ma ba a karya ta ba in an duba da kyau, domin hannun da yake ɗaurewa a zauren nan tun tuni nata ne.

Ƙashi har yanzu ina jin sa da kunne, ina kuma da abin da ke kaina wanda babu shi a littafinta: yadda ake jan cinya, yadda ake mayar da kafaɗa, wanda za a taɓa da wanda za a ce a wuce da shi. Kafin in manta ko a ɗauke ni, sai na juye mata shi duka. Na san za ta kawo sharuɗɗa. Za ta ce kowa sai an yi masa hoto kafin a taɓa shi. Wannan na yarda, tunda na ga hoto ba ya cin amanar maɗori. Za ta ce a daina karya kaji. A nan za mu yi doguwar gardama. Jar kazar dai tana nan tana tsalle da ƙafa ɗaya, ta koma cin dawa. Ticha ya ce a yi farfesunta, na ce ba a yanka mai gaskiya.

Gobe in Allah ya kai mu, in na idar da asuba, zan sa farar rigata ta Sallah. Zan sauko da tandun Nana in sa shi a aljihu. Ba zan jira ta biyo ta ƙofata ba, ni zan riga ta. Zan hau keke in je in bi layi kamar kowa, in miƙa yatsa su ɗebi jinin da suke ta nema. Daga nan in wuce ɗakin hoto, in nannaɗe hannun riga, in aza hannuna na hagu a kan teburinta in ce ta duba aikin Baba Ashemi. In ta gama, a gaban malamarta zan miƙa mata tandun, in ce ta dawo da littattafanta, zaure ya gaji da ni.

In ƙashin ya fito a miƙe, ta san wanda ta gada. In kuwa ya fito a karkace, kada ki gaya wa kowa a Gashuwa.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ki sa mata albarka daga nan inda kike, za ta iso.

Ni ne yayanki,
Mala, kakan Hanifa.